Takardar Haihuwar Azizu

"Mama, in jiya ne Tonton Abdulaziz ya fito daga gidan kaso, to wane ne wannan da yake zuwa gidanmu kullum?"

Nafisa ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana zaune a kan akwatin ƙarfen uwarta tana kaɗa ƙafafu. Ɗaliban jami'a bakwai da ke kan tabarma a ƙarƙashin rumfa suka ɗago kai a tare. Falmata ta ji kunya ta rufe ta.

"Ke! Wa ya koya miki wannan maganar banza?"

"Shi ya faɗa. A waya, can bayan randa. Ya ce, Inna, da gaske Abdulaziz ya fito daga kaso?"

Bashir, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi wuf ya tura wayarsa cikin aljihu. "Jama'a, kowa ya tsare kayansa, ashe da tsohon fursuna muke karatu!" Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Abdulaziz ya sunkuyar da kai.

Falmata malamar faransanci ce a wata lise, babbar sakandare, a Damagaram. Duk Asabar da hantsi takan tara waɗanda suka gama lisans, digirin farko, a tsakar gidanta, tana shirya su neman bursi, tallafin da wata gidauniya ke bayarwa don karatun masta a ƙasar waje. Gurabe kaɗan, masu nema ɗaruruwa. Ba ta karɓar komai a hannunsu. Shekara takwas da suka wuce ita ma ta nema, ta fi kowa maki, aka dawo mata da dosiyenta, kundin takardun nema, saboda kaziyenta ya wuce wata uku da kwana huɗu. Kaziye ita ce takardar da jastis, wato kotu, ke bayarwa ta shaidar ba a taɓa ɗaure mutum ba, kuma wata uku kacal take aiki. Tun daga ranar Falmata ta kafa dokoki biyu. Kaziye a ƙarshe ake nemansa, sai rufe karɓar dosiye ya matso. Takardun asali kuwa, na haihuwa da na bak, jarrabawar gama lise, da na lisans, duk a wurinta suke kwana, cikin akwatin nan mai kwaɗo, makullin a ɗaure a bakin zaninta.

Da aka tashi ta ce Abdulaziz ya tsaya. A cikin bakwai ɗin shi ne wanda ta fi sa wa rai. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya karanta, in ya fara bayanin yadda za a sami ruwa a ƙauyukan da rijiya ke ƙafewa, har mai wanki a maƙwabta takan tsaya saurare.

"Saura kwana goma sha biyu a rufe. Kowa ya kawo kaziyensa sai kai. Kullum ka ce bai fito ba."

Ya ciro takarda a ninke daga cikin littafi ya miƙa mata. Ta buɗe. Inda ya kamata a ja layi a ce babu komai, an rubuta: duka da makami, ɗaurin wata goma sha takwas.

"Madam, wallahi ban taɓa marin ko akuya ba. Sunana Tahiru. A gida Ɗanƙarami ake ce mini. Abdulaziz wana ne."

Sai ya ba ta labari. A Garagumsa aka haife su. Wan ne kaɗai aka yi wa takardar haihuwa, don shi a likita aka haife shi. Da ya kai shekara bakwai mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya bi gida-gida ya rubuta shi. Ranar shiga aji babansu ya dubi yaran biyu: babban ƙaƙƙarfa, har ya fara riƙe hauya, ƙaramin kuwa siriri, kullum tari. Ya ce gona ba za ta rasa mai ƙarfi ba. Ya ɗauki takardar ya danƙa wa ƙaramin, ya ce daga yau in an kira Abdulaziz ka amsa. Mushe ya gani ya kau da kai, tunda bencin ya cika. Shekara goma sha shida ke nan yana amsawa. Wan kuma, da ya gaji da noma, ya shigo birni da kwafin takardar, ya yi katin ɗan ƙasa da ita, ya zauna a unguwar Kara-Kara. Can ake kiransa Azizu. Da wannan katin aka ɗaure shi.

Falmata ta daɗe tana kallon takardar. Da ta bar su sun nemi kaziye tun watan farko, da an gano abin da sauran lokaci. Dokarta ce ta ɓoye shi har yau.

Ranar Litinin ta je wurin wata ƙawarta da ta karanta shari'a. Ƙawar ta ce hanya ɗaya ce: su biyun su tsaya gaban alƙali da ubansu da shaidu, a faɗi gaskiya, a duba zanen yatsu, a raba sunan. Gyaran duka zai ci watanni, amma in alƙali ya tausaya zai iya ba da rubutacciyar shaida cewa wanda aka ɗaure ba wannan ba ne, a haɗa da dosiye. Falmata ta ce wa Ɗanƙarami kada ya aika kowa, su biyu za su je wurin wansa su yi masa bayani a natse. Amma shi ya riga ya kira gida, uban kuma ya riga ya kira Azizu.

Ranar Laraba bayan la'asar kabo-kabo biyu, masu baburan haya, suka sauke su a Kara-Kara. Suka ratsa lungu, mata na suyar awara, yara na buga ƙwallon tsumma, har suka iso wata rumfar langa-langa. A gabanta tebur ne da kwalaben esansi, man fetur na sayarwa, a jere, a ciki ƙarti huɗu suna ɗaga sandar ƙarfe mai dunƙulen siminti a kowane gefe. Ɗaya ya ajiye ya fito. Fuskar Ɗanƙarami ce sak, sai dai an ɗora ta a kan wuyan bijimi, ga tabo daga kunne zuwa haɓa.

"A'a, su Abdulaziz ne a unguwarmu? Ku ba shi benci mana. Ai ya saba zama a bencin mutane."

"Yaya, ina wuni. Barka da fitowa."

"Wata goma sha takwas ban ga ƙeyarka ba. Yau ka san hanya."

Falmata ta yi sallama ta fara bayani. Bai bar ta ta kai ƙarshe ba.

"Ke ce Madam ɗin? Tsoho ya kira ni. Ya ce in bar wa ƙanena sunan, wai ni me na yi da shi in ban da ɓata shi. Ya ce za ki kai ni gaban alƙali a dangwala mini yatsu." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ni da shi a gaban alƙali. Shi da lisans da faransanci, ni da wannan fuskar. Wa za a ce ya saci sunan wani? Wa za a mayar ciki?"

"Ba haka ba ne, malam. Gaskiya kawai za a..."

"Gaskiya? Ni mushe ya rubuta! Ni! Har allo Inna ta saya mini. Na kwana da shi a ƙirjina, da safe aka cire aka ba wannan, aka miƙo mini hauya." Ya juya ga ƙanen. "Ina takardata?"

"Yaya, ka saurara..."

Marin farko ya juyar da Ɗanƙarami ya buge teburin, kwalabe suka zube, warin esansi ya tashi. Azizu ya fizgo sarƙar babur da ke rataye a jikin rumfa, ya naɗa ta sau ɗaya a hannu, ya zabga masa a gadon baya. Rigar ta tsage. Ya ƙara, a kafaɗa. Ɗanƙarami ya dunƙule a ƙasa ya kare kansa da hannuwa, bai rama ba, bai ma yi ihu ba, sai wani nishi da ke fita duk sanda ƙarfen ya sauka. Ƙartin suka tsaya kallo. Mai awara ta kwashe yaranta ta shige gida.

"Ina takardata? Ina take?"

Sarƙar ta sami bayan hannunsa, fata ta buɗe. Falmata ba ta san sanda ta faɗa tsakani ba.

"Ba ta hannunsa! Tana wurina, a akwatina! Ka bar shi haka!"

Azizu ya tsaya yana haki. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"A akwatinki."

A nan ta gane abin da bakinta ya yi.

Mijinta, ma'aikacin likita ne a Mirriya, da ya dawo ya ɗinke hannun Ɗanƙarami a tsakar gida, ya ce mata, "Ki mayar musu da takardarsu, Falmata. Rigimar gidansu ce, ta girme ki." Ta ce amana ce aka ba ta. Ta ce in takardar asali ta fita daga dosiye, yaron nan ba shi da abin da zai nuna wa alƙali. Ta ce mutumin zai huce. Mijin ya ce aƙalla ta ɗage zaman Asabar. Ta ce Alhamis ake rufewa, sauran shidan fa, laifin me suka yi? Da safiyar Asabar ya hau mota ya koma aiki yana girgiza kai.

Ranar gwajin hira ce. Falmata ta zauna a kujera ta zama alƙaliyar gidauniya, agogo a cinyarta, minti uku ga kowa. An fito da akwatin tsakar gida don dubawar ƙarshe, Nafisa ta haye kansa kamar kullum, wai ita ce mai gadi. Wasiƙun da ɗaliban suka rubuta suna kan tabarma, an danne su da ɗan dutsen niƙa don iska. Ɗanƙarami ya zo da hannu a naɗe, ya ce faɗuwa ya yi a babur. Ladi ce a tsaye tana amsa tambaya.

"Me ya sa za mu zaɓe ki mu bar ɗari uku?"

"Saboda ni..."

"Kada ki kalli ƙasa. Ƙasa ba ta ba da bursi."

Sai ƙofar gida ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango. Azizu ne, da jarkar lita biyar a hannu, bayansa ƙarti biyu, ɗaya da adda. Bashir ya miƙe yana cewa, "Kai malam, gidan mutane ne fa," mai addar ya shimfiɗa masa faɗinta a fuska. Hancinsa ya fashe, ya zauna daɓas yana tare jini da tafin hannu. 'Yan matan suka yi bayan randa suna salati. Ɗayan ƙaton ya mayar da ƙofa ya jingina da ita.

"Madam, na zo karɓar kayana."

"Nafisa, zo nan."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta ƙanƙame hannun akwatin da hannu biyu, idanunta a kan addar. Azizu ya riga uwar isa wurin, ya tsaya tsakaninsu.

"Buɗe."

Makullin yana nan a bakin zaninta, tana jin sanyinsa a cinya. Abin da zai ɗauke ta bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma ta dubi Ɗanƙarami, ta tuna rijiyoyin da yake zanawa a bayan littafi, sai ta ji bakinta yana cewa, "Ka ba ni zuwa Alhamis. In na ba ka ita yau, karatun ƙanenka na shekara goma sha shida ya tafi a banza."

"Nawa fa? Nawa ina ya tafi?"

Ya murɗe murfin jarkar ya tuntsurar da ita a kan akwatin. Esansi ya kwarara a kan murfin ƙarfen, ya jiƙa rigar Nafisa, ya bi ƙafafunta, ya malala kan tabarma. Yarinyar ta tsala ihu, ya shiga idonta. Falmata ta yi kanta, mai addar ya tare ta da gwiwar hannu a ƙirji ta faɗi zaune.

"Tunda ba za ta zama tawa ba, kowa ya rasa. Ɗauke 'yarki."

"Zan ba ka! Wallahi zan ba ka, ga shi!"

Ta kama ƙullin zanin tana ja. Ita ta ƙulla shi da safe, ƙulli biyu, kamar kullum, yanzu yatsunta sun ƙi yi mata aiki. Ta sa haƙori. Nafisa na murza ido tana kiran Mama, ba ta gani balle ta sauko. Azizu ya zaro birke, ƙyastun kunna taba, daga aljihu ya ɗaga shi sama, babban yatsansa a kan ƙarfen. Ko niyyar kunnawa yake, ko tsoratarwa kawai, Falmata ba ta sani ba, har yau kuma ba ta sani ba.

Ba ta ga sanda Ɗanƙarami ya tashi ba. Ƙarar ta ji, kamar an fasa ƙwarya. Dutsen niƙan ya sami Azizu a gefen kai, birken ya yi tsalle ya faɗa cikin rariya, ƙaton ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya kife. Nan abin ya ƙare, da an tsaya. Falmata ta riga ta fizge 'yarta, birken yana can cikin ruwan wanke-wanke, mutumin yana ƙasa. Amma Ɗanƙarami ya hau ƙirjin wansa ya ɗaga dutsen da hannu biyu, ɗinkin hannunsa ya ɓalle, ya sauke shi a kan fuskar. Ya sake ɗagawa.

"Ni na ce a ba ni? Shekarata biyar! Ni na ce a ba ni?"

Na ukun ya sauka kafin Bashir da Ladi su rungume shi ta baya. Ƙartin biyu tuni sun buɗe ƙofa sun bi lungu. Jini ya gauraya da esansi ya bi tabarma yana jiƙa wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Ɗanƙarami ya saki dutsen. Ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa, ya ce a hankali, "Yaya?" Sai ya fara girgiza shi. "Yaya Azizu. Tashi mana."

Falmata tana can bakin randa tana kwara wa Nafisa ruwa moɗa bayan moɗa, ta tsaga rigar ta jefar, tana buɗe mata ido da yatsa tana zubawa. Makullin yana nan a ƙulle a zaninta.

A komisariya ɗan sandan ya tambayi sunan wanda ya yi duka, da ranar haihuwarsa, da sunan uwa da uba, ya rubuta. Ya karɓi katin wanda aka daka, da aka ciro daga aljihunsa a likita, ya fara kwafa. Ya tsaya. Ya dubi layin sama, ya dubi na ƙasa, komai iri ɗaya, ya ajiye biro ya je ya kira shugabansa.

An kira Falmata shaida. Alƙali ya tambaye ta sau nawa aka yi dukan. Ɗanƙarami yana tsaye a gabanta, yaron da ya ceci 'yarta. Ta ce sau uku. Aka tambaye ta a wane ne birken ya faɗi. Ta ce a na farko.

Azizu bai mutu ba. Idon hagu ya tafi, hannun dama ba ya riƙe ko cokali. Yana Garagumsa a ɗakin uwarsu, ita ke ba shi abinci a baki. Uban ya daina zuwa kasuwa. Ɗanƙarami ya sami wata shida, an sassauta saboda yarinyar. A zaman nan ne alƙali ya raba sunan, ya ba da umarni a yi masa takardar haihuwa tasa ta kansa, Tahiru. Abu na farko da aka rubuta a ƙarƙashin sabon sunan shi ne hukuncin.

Takardun cikin akwatin ba su jiƙe ba, murfin ya riƙe. Ranar Alhamis dosiye shida suka tafi suna warin esansi. Ladi ta samu. Na bakwai yana nan a ƙasan akwatin, da wasiƙar da ya rubuta a kan rijiyoyin Garagumsa, Falmata ba ta iya buɗe ta ba.

Nafisa ta warke, fatar cinyarta ta saɓule ta sake tohowa. Amma ta yi wata biyu ba ta tambayi kowa komai ba, ita da ba ta barin mutum ya haɗiye loma sai ta tambayi dalili. Har yanzu in kabo-kabo ya tsaya shan mai a bakin hanya, sai ta cusa fuskarta a cikin mayafin uwarta. Falmata ba ta daina tara ɗalibai ba. Ta mayar da zaman wani aji a lise, ta daina ajiye takardar kowa, kuma ranar farko, kafin ta tambayi maki, takan kira kowa shi kaɗai ta ce, "Takardar haihuwar nan, taka ce? Akwai wani mai rai da yake amsa sunan nan?" A bara mutum biyu suka sunkuyar da kai.

Ke mai karatu, in kina da jariri a baya, kada ragon suna ya ɗauke miki hankali. Ki tashi uban, ko ki saɓa goyonki ki je da ƙafarki, a rubuta shi a yi masa takardarsa tun cibiya ba ta warke ba. Kai kuma mai gida, kada ka ɗauki ta wani ɗa ka ba wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko da malami ya ce ba komai. Wanda aka karɓe wa ba ya mantawa, kuma zai girma. In kuma an taɓa yin haka a gidanku, ku je gaban alƙali tun yanzu da kowa ke iya zama a tabarma ɗaya. Kada ku bari sai saura kwana goma sha biyu.